Aikin Farko a Harkar Kuɗi: Nasiha ga Matasanmu na Fatakwal, Anaca da Inugu

A ranar 1 ga Maris, 2024, Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a sanarwa guda. Daga Abuja aka buga sanarwar, amma zafinta ya sauka har bakin Otal Presidential da ke kan titin Aba a Fatakwal, da titin Owerri a Inugu, da layukan da ke kewaye da babbar kasuwar Anaca, wuraren da Hausawa suka daɗe suna riƙe da sana'ar canji. A watan Mayun wannan shekarar aka fito da sabuwar ƙa'ida: kamfanin da zai yi canji a faɗin ƙasa sai ya tanadi jarin naira biliyan 2, wanda zai tsaya a jiha ɗaya kuwa naira miliyan 500. Kafin nan ma, tun a watan Yulin 2021, bankin ya taɓa rufe famfon dalar da yake sayar wa 'yan canji duk mako. Sana'ar da ta gina gidaje, ta kai mutane Makka, ta aurar da 'ya'ya, sai ga shi ta zama abin da takarda ɗaya ke iya girgizawa.

A wannan yanayi ne matashin da ya tashi a unguwannin Hausawa na waɗannan garuruwa yake kammala karatu. Wataƙila ya yi akanta a harabar Jami'ar Najeriya da ke Inugu, ko a kwalejin IMT, ko ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Fatakwal ko ta Nnamdi Azikiwe da ke Awka, ko kuma an tura shi Arewa ya yi a Bayero ko a Zariya ya dawo. Ya gama hidimar ƙasa, ƙofofi kuma sun fara buɗewa. Kawunsa ya ce ya zo teburin canji, a nan take za a fara ba shi na kashewa. Wani aboki ya ce su haɗa kuɗi su buɗe rumfar POS. Wani banki yana ɗaukar masu nemo ajiya, da kwat da katin shaida a wuya. Can gefe kuma akwai wani ƙaramin ofishin masu binciken kuɗi a hawa na biyu, albashinsa bai kai ya kawo ba, aikinsa kuma sai dare. Mafi yawa kan auna waɗannan da abin da zai shigo aljihu a ƙarshen wata. Wannan ma'auni yana da dalilinsa, domin akwai iyaye da ƙanne da ke jira. Amma ma'aunin da ya fi shi nauyi shi ne: bayan shekara uku, idan aikin nan ya ƙare yau, me zai rage a hannun mutum wanda zai iya ɗauka ya shiga da shi wata ƙofa?

Mazauna waɗannan unguwanni sun fi kowa cancantar yin wannan tambaya. Zaman Hausawa a Gabas ba na jiya ba ne. A shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'ar mutanen garin ya hau. Galibin shekarun da aka yi tare, lafiya aka yi su, da ciniki da auratayya. Sai dai dattawan unguwa ba su manta da 1966 da 1967 ba, lokacin da aka bar shaguna da gidaje aka nufi Arewa. Ba su manta da rikicin Fabrairun 2006 a Anaca ba, ko na Oktoban 2020 a Oyigbo. Tun daga Agustan 2021 kuma dokar zaman gida ta ranar Litinin ta daɗe tana cinye kwana guda a mako, ta rufe kasuwa da banki a garuruwa da dama. Shago ba ya tafiya da mai shi. Abokan ciniki na layi ɗaya ba sa bin mutum zuwa Kano. Wanda ya iya karanta littafin kuɗin kamfani, yana riƙe da takardar shaidar ƙwarewa, an kuma san shi da gaskiya, zai ci abinci da wannan a Fatakwal, zai ci a Kaduna, zai ci a Legas ko Dubai.

Wani zai ce to ai banki shi ne mafaka, musamman mai babban suna. Tarihin bankunan ƙasar nan bai goyi bayan haka ba. A 2004 gwamnan Babban Banki, Farfesa Charles Soludo, wanda daga baya ya zama gwamnan Anambra, ya ɗaga jarin banki zuwa naira biliyan 25, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 sun koma 25. Bank of the North, wanda iyayen Arewa suke alfahari da shi, ya narke cikin Unity Bank. Diamond Bank, wanda 'yan kasuwar Anaca da Aba suka sani kamar tafin hannunsu, ya shige cikin Access a 2019. An ƙwace lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. A watan Maris na wannan shekarar kuma aka sake ɗaga jari: biliyan 500 ga banki mai reshe a ƙetare, biliyan 200 ga na ƙasa. Duk lokacin da aka yi irin wannan girgiza, bankuna suna haɗewa, rassa biyu da ke kan titi ɗaya su koma ɗaya, a sallami ma'aikata. Waɗanda ake fara sallama su ne waɗanda kowa zai iya yin aikinsu bayan horon mako biyu.

Misali, Tony Elumelu ya koyi aikin banki ne a Allstates Trust Bank, inda ya zama manajan reshe tun bai kai shekara talatin ba. Allstates bai tsallake gyaran Soludo ba, ya mutu. Amma kafin nan Elumelu ya riga ya kwashi abin da ya koya a can, ya jagoranci sayen wani banki da ke durƙushe a 1997, suka mai da shi Standard Trust Bank, wanda ya haɗe da UBA a 2005. Bankin da ya koya masa aiki babu shi yau. Abin da ya koya yana nan.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne na Sarki Muhammadu Sanusi II. Bayan ɗan koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shiga aikin banki a 1985 a Icon Limited. A 1997 ya koma UBA, a sashen tantance bashi da auna haɗarin asara, sashen da a lokacin ba shi ne matasa ke rububi ba, domin babu yawon ganin manyan attajirai a ciki, sai takardu da lissafi da yawan cewa a'a. Daga nan First Bank ya ɗauke shi a 2005 don wannan aikin dai, ya zama shugaban bankin a Janairun 2009, sannan gwamnan Babban Banki a watan Yuni. A watan Agusta ya sauke shugabannin bankuna biyar da baƙin bashi ya cinye. Idon da ya ga ruɓar da ke cikin littattafan waɗancan bankuna, a wancan sashe marar armashi aka wasa shi. Abin lura ga matashi shi ne sashen da aka ajiye shi ya fi sunan da ke jikin ginin muhimmanci.

Nan ne ya kamata a tsaya a kan maganar aikin kwantiragi, domin a nan yawancin 'ya'yanmu ke faɗawa ba tare da sun sani ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 sun nuna cewa sama da kashi 40 cikin ɗari na ma'aikatan bankunan Najeriya 'yan kwantiragi ne. Saurayi ko budurwa za su zauna a kan kanta, sanye da kalar banki, suna ƙirga miliyoyi, alhali takardar ɗaukarsu aiki ta wani kamfani ce daban da ke samar wa bankin ma'aikata. Albashinsu bai kai na abokin zamansu ba, ba sa cikin jerin ƙarin girma, horon da ake tura ma'aikatan dindindin ba ya zuwa kansu. Ana yi musu alƙawarin cewa wata rana za a tabbatar da su. Wasu ana tabbatar da su, da yawa kuma shekaru ke wucewa. Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne yawancin bankuna suna sa iyakar shekaru wajen ɗaukar sababbin ma'aikatan dindindin, sau da yawa 26 ko 27. Wanda ya shiga kwantiragi yana da 24 ya zauna jiran alƙawari, zai farga ƙofar da ya kamata ya bi ta rufe a bayansa. Ba laifi ba ne a karɓi irin wannan aiki idan shi ya samu. Laifin shi ne a karɓe shi ba a karanta sunan da ke saman takarda ba, ba a kuma sa masa wa'adi ba.

Masu nemo ajiya kuwa ana ɗora musu adadin kuɗin da za su kawo kowane wata. Bahaushen da aka ɗauka a reshen Anaca ko na Diobu ya sani cewa sau da yawa ba digirinsa kaɗai aka duba ba, an duba unguwarsu. Ana so ya shiga wajen masu shanu da masu albasa da 'yan canji ya kwaso asusunsu. Wata shida na farko zai yi fice, domin kawunnai da abokan mahaifinsa za su rufa masa asiri. Idan sun ƙare, adadin ba zai ragu ba, ƙaruwa zai yi. 'Yan mata a wannan sashe suna fuskantar abin da ya fi haka muni, domin akwai masu kuɗin da ke ganin ajiyarsu ta ba su damar neman abin da bai dace ba, kuma ba kowane manaja ne ke tsaya wa yarinyarsa ba. Ya kamata budurwa ta nemi wata mace da ta yi aiki a wannan reshen ta tambaye ta gaskiyar magana kafin ta sa hannu.

Duk da haka, abin da bankin ya hango a jikin wannan matashi dukiya ce ta gaske, shi ne dai ya kamata ya san darajarta. Ya tashi yana jin Hausa da Ibo da Turancin buroka. Ya san yadda tirelar shanu ke tasowa daga Maigatari ko Potiskum ta sauke a Amansea, ko Ugwuoba, ko Gariki. Ya san lokacin da albasar Aliero ke araha, da lokacin da manja ke hawa Arewa. Ya kuma ga wani abu da ba a koyarwa a aji: yadda fatoma da dillali suke ba mahauci shanu bashi babu takarda, domin sun san wanda ke biya ranar da ya ce, da wanda ke da mata biyu da bashi uku, da wanda sai an tsaya masa. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi guda a 1969 kan yadda wannan tsari ke tafiya a unguwar Sabo ta Ibadan. Abin da fatoma ke yi da ka, shi ne ma'aikacin tantance bashi ke yi da takarda. Wanda ya haɗa biyun, ya iya sanin halin mutum ya kuma iya lissafin shigar kuɗi da fitarsu, zai iya gaya wa banki wane ɗan kasuwar Arewa ne ya cancanci rance, abin da ba kowane ma'aikaci a Gabas ne ya iya ba. Saboda haka idan an ba shi zaɓi tsakanin nemo ajiya da sashen bashin ƙananan 'yan kasuwa, ya ɗauki na biyu ko da alawus ɗinsa ya fi ƙanƙanta.

Yardar da unguwa ta yi masa ita ce jarinsa na farko, kuma sau ɗaya ake ƙona ta. Fatakwal ta ga abin da kamfanin MBA Forex ya yi: alƙawarin riba mai tsoka kowane wata, ofisoshi masu sheƙi, sannan a ƙarshen 2020 biya ya tsaya. Kafin shi an yi MMM a 2016, bayansa an yi CBEX a 2025. Irin waɗannan wurare suna biyan sabon ma'aikaci fiye da banki, domin ba aikinsa suke saye ba, mutuncinsa suke saye. Ranar da suka kulle, masu kamfani sun ɓace, shi kuwa yana nan yana haɗuwa da waɗanda ya kai a masallacin Juma'a. Sabuwar dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu tallata irin wannan harka. Kafin a karɓi aiki a duk wani kamfanin da ke karɓar kuɗin jama'a, a duba ko sunansa yana cikin jerin masu lasisin Babban Banki ko na hukumar SEC. Jerin yana intanet, duba shi ba ya cin minti goma.

Yanzu a koma ga ofishin nan na hawa na biyu. A ganin mai wannan rubutu, ga wanda halinsa zai iya ɗauka, babu makarantar da ta kai ofishin binciken kuɗi a shekarun farko. A shekara guda yaro zai shiga littattafan otal, da na asibiti, da na kamfanin sufuri, da na mai shigo da kaya ta tashar Onne. Zai ga inda ake ɓoye asara, da yadda kaya ke ɓacewa a sito amma suna nan a takarda, da dalilin da ke sa shago mai cike da masu saye ya kasa biyan albashi. Wasu daga manyan kamfanonin duniya na wannan fanni suna da ofis a Fatakwal saboda harkar mai da gas, amma ƙananan ma suna koyarwa, wani lokaci fiye da manyan, domin a can yaro ɗaya ke yin komai. Kuma irin waɗannan ofisoshi sukan ba da hutun jarrabawa. Takardar ICAN, cibiyar akantoci da aka kafa tun 1965, ko ta ANAN mai kwalejinta a kusa da Jos, ko ta CITN ga mai son haraji, ko ta CIBN ga ma'aikacin banki, babu gwamnan Babban Bankin da zai soke ta da sanarwa. Haraji musamman fili ne da ke buɗewa: a watan Yunin 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma dubban 'yan kasuwar da ba su taɓa ajiye littafi ba za su buƙaci wanda zai zauna da su ya yi musu bayani da harshen da suke ji.

Bambancin albashin da ke tsorata mutum ma ba ya daɗewa. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Naira dubu hamsin da ta sa wani ya zaɓi aikin da ba ya koyar da komai, cikin shekara biyu ta zama kuɗin mota.

Wannan ba raina teburin canji ba ne, ba kuma raina rumfar POS ba. A lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, masu POS ne suka riƙe unguwanni. Amma sana'a ce da kowa zai iya buɗewa gobe a gefenka, abin da ake koya a cikinta kuma yana ƙarewa cikin wata uku. Canji ya fi ta zurfi, kuma wanda ya gaje shi bai kamata ya guje shi ba. Sai dai sabon tsarin yana neman kamfanoni masu jari, masu rajistar kowane ciniki, masu aika rahoto, masu ma'aikacin da ya san dokar hana halasta kuɗin haram. A 2024 jami'an EFCC sun kama mutum sama da ɗari a samame guda a titin Owerri na Inugu. Iyayen da suka haɗa jari don su sami sabon lasisi suna buƙatar ɗansu ya zo musu da abin da ba su da shi. Zai fi yi musu amfani idan ya yi shekara uku a waje ya koyo shi, fiye da ya zauna tun yau yana ƙirga musu dala.

Maƙwabtanmu 'yan kasuwar Anaca da Nnewi suna da al'adar da Bahaushe ya sani da sunan sallama: yaro ya yi wa ubangida hidima shekaru, a ƙarshe a ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Uban da zai ba da ɗansa yakan bincika yara nawa wannan ubangida ya taɓa yayewa, kuma ina suke yanzu. Haka ya kamata a bincika manajan da za a zauna a ƙarƙashinsa. Waɗanda suka yi aiki da shi shekara biyar da suka wuce, sun ci gaba ko suna nan inda suke? Yana barin yaro ya shiga taron da ake yanke shawara ya saurara, ko aike kawai ya sani? Sannan a tabbatar ana zuba kuɗin fansho, domin dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya sa kashi 8, wanda ya ɗauke shi ya sa kashi 10. Wurin da ke cire wannan kuɗi daga albashi bai zuba ba, ya riga ya nuna halinsa.

Saura maganar da ke hana matasa da yawa barci, wato kuɗin ruwa. Magana ce ta addini, malamai ne ke da ita, kuma ya kamata mutum ya zauna da malamin da ya san fiƙihu ya kuma san yadda banki ke aiki. Abin da za a iya faɗa shi ne zaɓin yau ya fi na iyayenmu yawa. Bankin Jaiz marar kuɗin ruwa ya fara aiki a Janairun 2012, ya sami lasisin ƙasa baki ɗaya a 2016. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus Bank a 2021. Hajiya Hajara Adeola ta kafa Lotus Capital tun 2004 don zuba jari bisa tsarin Musulunci. Akwai kamfanonin takaful, akwai asusun fansho marar ruwa. Sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, har titin Inugu zuwa Fatakwal ya amfana da shi. Waɗannan cibiyoyi suna son faɗaɗa zuwa Kudu, suna kuma ƙarancin mutanen da za su iya bayyana murabaha da ijara ga ɗan kasuwar da ba Musulmi ba, da harshen Ibo, ba tare da ya tsorata ba. Wanda ya tashi a titin Bida na Anaca ya fi wanda aka turo daga Abuja sanin yadda za a fara wannan hira.

Akwai kuma wanda duk wannan bayani zai yi wa nauyi: babban ɗa a gida, mahaifi ya tsufa ko ya rasu, kuɗin haya da na makarantar ƙanne suna kansa. Babu adalci a ce masa ya bar aikin da ke biya ya je ya koyi sana'a da yunwa. Ya karɓi kwantiragin, ko ya zauna a teburin kawunsa, amma tun watan farko ya ware kuɗin rajistar jarrabawa kamar yadda yake ware na haya, ya kuma gaya wa mahaifiyarsa dalili don ta taya shi tsare su. Wanda ba shi da digiri ma yana da hanya: matakin ATS na ICAN yana karɓar mai takardar sakandare, ana zana shi sau biyu a shekara, kuma cibiyar tana da rassa a Fatakwal da Inugu da Anaca, inda ake samun masu koyarwa da yamma da ranakun Asabar da Lahadi.